Layuka Uku da Inna Ta Bari

Inna ta rasu ranar wata Talata a farkon damina, shekarar da na gama firamare. Ina da shekara goma sha huɗu. A Kakuri muke zaune, cikin wani gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da famfo ɗaya, ba nisa da masaƙar da Baba yake aiki. Tsakiyar shekarun tamanin ke nan, lokacin da jiniyar masaƙu ce agogon unguwar. Da ita ake ɗora tukunya, da ita ake sanin maza sun kusa dawowa. An kai Inna asibiti ranar Asabar, ta kwana uku, ba ta dawo ba. Abin da aka gaya mini kawai shi ne ciwon ciki ne ya taso mata.

Cikin abin da ta bari akwai wani bargo da ba ta gama ɗinkawa ba. Na ƙyallaye ne, irin wanda ake haɗa guntayen atamfa ɗaya bayan ɗaya da zare da allura. A wancan zamani masaƙa takan sayar wa ma'aikatanta ƙarshen yadi da wanda rini ya ɓaci a jikinsa, Baba kuma yakan ɗauro su a bayan kekensa duk ƙarshen wata. Manyan Inna takan yi mana riguna da su, ƙananan ta tara a wani tsohon kwando. Maƙwabciyarmu ce ta nuna mata abin da za ta yi da su. Ibo ce, ƙofarta na kallon tamu, mijinta bakanike ne a Sabon Tasha, ita kuma tana sayar da garin kwaki da manja a bakin gida. Duk mutanen gidan, Madam muke ce mata. A taron matan cocinsu ta koyo ɗinkin, ta zo ta yanka wa Inna ma'auni da kwalin sukari, faɗin tafin hannu, ta ce kowane ƙyalle ya bi girman wannan.

Kusan shekara biyu Inna ta yi tana wannan aiki. Bayan Azahar, idan ta gama wanke-wanke, sai ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, ta ɗora bargon a cinya. Kowane layi ƙyalle goma sha biyu ne. Wata rana ta haɗa uku, wata rana ko ɗaya ba ta samu ta haɗa ba.

Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Idan tana nemana sai ta ce, "Ke," ko ta ce wa ƙannena, "Ku kira mini waccan." Ba ta yabona a gaban mutane, ba ta yabona in mun rage mu biyu. Ranar da na zo ta ɗaya a aji shida na kawo mata takardar, ta riƙe ta a juye don ba ta yi boko ba, ta miƙo mini ta ce in je in tari ruwa kafin a ɗauke famfo. Na san kunyar ɗan fari ce, kowa ya san haka, amma sanin bai hana ni jin zafi ba. Idan na ga Madam ta rungumi 'ya'yanta a tsakar gida sai in kawar da kai. Sau ɗaya na taɓa tambayar Inna bargon na wa ne. Ta ce, "Je ki duba tukunyar can, ina jin ƙauri."

Gwaggo, yayar Baba, ita ta zo daga garinmu ta zauna da mu har aka yi arba'in. Da za ta koma ta tafi da ƙannena mata guda biyu, ni aka bar ni don ina jiran sakamakon jarrabawar shiga makarantar gaba. Ranar da take haɗa kayan Inna ta jawo wani ƙunshi daga ƙarƙashin gado. Ta kwance, sai ga bargon a naɗe, da kwalin ma'aunin, da sauran ƙyallayen da aka yanka. Allurar na soke a bakinsa inda Inna ta tsaya, zaren na reto.

Gwaggo ta ɗaga shi ta duba. "Wannan ai tsummokara ne. A ba wa wani ya yi shimfiɗa."

Baba yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya, bar wannan."

"Me za ka yi da shi?"

"Bar shi dai."

Ta mayar ta ƙulle, ta tura shi inda ta ɗauko shi.

Daga nan muka rage ni da Baba a ciki da falo. Ba mai yawan magana ba ne tun fil azal, ga shi ƙarar injinan saƙa ta cinye masa rabin ji. Aikin safe yake yi a lokacin. Ya fita da asuba, ya dawo wajen ƙarfe biyu da rabi da burbushin auduga a gashinsa da gira. In kawo masa abinci, ya ci ko da tuwon ya yi gudaji, ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwata." Haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Daga wannan babu wata magana sai ta gobe.

A cikin watan takwas takarda ta zo cewa an ɗauke ni makarantar horon malamai ta mata, ta kwana, can kudancin jihar. Baba ya sa na karanta masa sau biyu. Ya tambaye ni saura kwana nawa a buɗe, na ce mako shida. Washegari bayan La'asar sai na ga ya durƙusa ya jawo ƙunshin nan. Ya shimfiɗa tabarmar Inna a ƙofar ɗaki, ya baza bargon, ya ƙirga layukan da yatsa.

"Goma sha biyar. Saura uku. Zo ki zauna."

Na ce, "Baba, ni ban iya ba."

"Ni na iya. Tsarga mini zaren nan, idona ba ya ganin kafar."

Ban taɓa sanin ya iya riƙe allura ba. A ranar ya gaya mini kafin ya zo Kaduna neman aiki ya yi shekara huɗu yana ɗinkin hula a zauren wani malami a Zariya. Ya ɗauki ƙyalle biyu ya haɗa fuskokinsu, ya nuna mini yadda zan soka in fito, in ɗan koma baya in sake sokawa. Matan gidan suka riƙa leƙowa suna kallon magidanci zaune a ƙofar ɗaki yana ɗinkin mata. Bai ɗago ya dubi kowa ba.

Da ya haɗa ƙyalle huɗu sai ya tsaya. Ya juya bargon ta baya, ya dubi nasa ɗinkin, ya dubi na Inna. Nasa ƙanana ne, a jere, kamar na keken ɗinki. Na Inna manya ne, wani ya fi wani, wasu sun ɗan karkace. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki reza ya fara warware nasa.

Na ce, "Baba, ai naku ya fi kyau."

"Ya fi kyau. Amma duk wanda ya juya zai ga inda ta tsaya."

Ya sake ɗinkawa, yana buɗa tazarar da gangan, yana kwaikwayon hannunta. Abin ya ba shi wuya. Hannunsa yakan manta ya koma yadda ya saba, sai ya yi tsaki a hankali ya warware. Ni kuwa ba sai na yi ƙoƙari ba, ɗinkina da kansa ya zo kusa da nata, har ya fi nata karkata. Bai taɓa warware nawa ba.

Haka muka riƙa yi kullum tsakanin La'asar da Magariba. Idan hadari ya haɗo mu ja tabarmar cikin falo mu bar ƙofa a buɗe don haske. Shi ya fara daga dama, ni daga hagu, mu haɗu a tsakiya. A hankali ya fara magana. Yana gane kowane ƙyalle. Ya nuna wani mai ruwan ƙasa da zanen ganye ya ce wannan shekarar da aka haifi autarmu aka buga shi. Wani shuɗi ya ce injin ya ci yatsan abokin aikinsa ranar da ake saƙa yadinsa. Wani ja mai ɗigo-ɗigo ya taɓa shi kawai ya wuce, ni ma ban tambaya ba.

Mun gama layi ɗaya da rabi lokacin da Madam ta zo nuna mini yadda ake yi masa shafi. Da hantsi ne, Baba yana wurin aiki. Ta ce za a sa tsohon zanen gado a tsakiya, a rufe bayan da yadin akoko, sannan a bi ko'ina da dogon ɗinki don kada cikin ya tattare. Tana jin Hausa sosai, sai dai takan ce wa mace "ka". Tana shafa layukan ƙarshe na Inna ta ce, "Duba nan, ka ga yadda ya yi manya-manya? Sauri take yi. Tun da likita ya gaya musu ba ta huta ba. Na ce mata ta bari in taya ta, ta ce a'a."

Na ce, "Likita ya gaya musu me?"

Hannunta ya tsaya a kan bargon. Ta dube ni, na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Babanka bai gaya maka ba?" Sai ta rufe bakinta da tafin hannu, ta tashi ta koma ɗakinta. Ina jin ta tana kuka ta cikin labule.

Ranar ban ɗora tukunya ba. Da Baba ya dawo ya jingine kekensa, ban bari ya cire takalmi ba.

"Baba, kun sani?"

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Na maimaita da ƙarfi, yadda ban taɓa yi masa magana ba.

"Mun san me?"

"Kun san Inna za ta mutu."

Ya zauna a bakin kujera, ya cire hularsa ya riƙe. "Allah kaɗai ya san ranar bawa. Amma likita ya gaya mana ciwon ba na tashi ba ne. Ƙari ne a cikinta, ya riga ya yaɗu."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan Babbar Sallar bara."

Na lissafa a raina. Wata takwas. Wata takwas muna kwana ɗaki ɗaya, ina ganin tana ramewa, ina ganin tana dafa bango idan za ta miƙe, ina cewa gajiya ce.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Ita ta hana. Ta ce idan kin sani ba za ki zauna jarrabawar nan ba, za ki ce sai kin tsaya jinya. Ta sa na yi mata alkawari."

Na shige uwar ɗaki na kwanta. Kwana uku ban taɓa bargon ba, ban kuma yi wa Baba magana ba in ban da gaisuwa. Shi kuwa bayan La'asar sai ya shimfiɗa tabarma ya zauna shi kaɗai. Ina jin sa yana fama da kafar allura, yana lasar bakin zaren yana sake gwadawa. Bai kira ni ba.

Fushin da nake yi da shi bai kai abin da ke cina a ciki ba. Akwai wata rana, mako biyu kafin jarrabawa, ina zaune da littafin lissafi, Inna ta miƙo mini allura ta ce, "Ke, tsarga mini." Na ce karatu nake yi. Ta ce minti nawa zai ɗauke ki. Na ce kullum sai ina karatu ake nemana, na tashi da littafina na koma bayan gida. Da na dawo na tarar ta naɗe bargon ta kwanta a kan tabarma. Ban ba ta haƙuri ba. Na ɗauka akwai lokaci.

A rana ta huɗu na fito na karɓi allurar daga hannun Baba na tsarga masa. Na zauna a gefena na hagu. Muka yi ɗinki na ɗan lokaci, sannan na gaya masa abin da na yi wa Inna. Ina faɗa hawaye na sauka a kan ƙyallen da ke hannuna.

Ya saurara har na gama, ya karkato da kunnensa mai ji. Ya ce, "Ta gaya mini ranar."

"Me ta ce?"

"Dariya ta yi. Ta ce yarinyar nan za ta ci jarrabawa, ko uwarta ba ta gani idan ta kama littafi."

Ya ci gaba da ɗinkinsa, idonsa a kan allura.

"Kin san bargon nan naki ne ko? Ta ji an ce makarantun kwana akwai sanyi. Da layi goma sha shida ta yi niyya. Sai ta ga kina ta tsawo, ta ƙara biyu. Idan kin kwanta barcin rana takan auna ki da taƙi daga nesa, don kada ki farka ki gani."

Na tashi na je bakin famfo na wanke fuskata, na daɗe a can. Da na dawo ya ajiye mini gurbina yadda na bar shi.

A layin ƙarshe ƙyallaye suka ƙare, saura bakwai. A lokacin masaƙa ta daina sayar da guntaye, ana ta maganar ƙarancin auduga, har an fara rage ranakun aiki. Madam, wadda tun ranar nan take sunkuyar da kai idan mun haɗu, ta aiko 'yarta da ragowar wata atamfa da suka taɓa yin anko ita da Inna. Muka fitar da biyar a ciki. Sauran biyun na yanka daga rigar makarantata ta firamare. Na je da kaina na yi wa Madam godiya, ta riƙe hannuna ta ce in yafe mata. Na ce ba ta yi mini komai ba.

Shafin ya ci mana kwana tara. Akoko yana da tauri, ga zanen gado a ciki, allura ba ta shiga sai an danna. Yatsuna suka yi kanta, na Baba suka tsage. Muka gama kalmasa bakin ranar Juma'a, saura kwana biyu in tafi. Ana yayyafi, muna cikin falo. Da muka zo kusurwar ƙarshe saura kamar tsawon yatsa, Baba ya tsaya. Ya riƙe allurar bai soka ba.

Ya miƙo mini. "Ƙarasa, Uwata. Ki ƙulle da kyau."

Na ƙarasa, na ƙulle sau uku, na datse zaren da haƙori. Muka kama shi gefe da gefe muka ɗaga, ya kusa cika falon. Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Allah ya jiƙanta." Ya sa hularsa ya fita cikin yayyafin, ya ce masallaci za shi, alhali da sauran lokaci kafin a kira Magariba.

Ranar Lahadi ya ɗora akwatina na ƙarfe a kan keke ya tura har tasha, ina biye da shi. Bargon ne ya cinye rabin akwatin.

A makaranta, ranar farko, metiron, matar da ke kula da ɗakunan kwana, ta sa kowa ya buɗe akwatinsa a gaban gado. Ta ɗaga bargon da yatsu biyu, wasu 'yan mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce dokar makaranta ce kowane gado a shimfiɗa masa bargo ruwan toka irin wanda ake rabawa, duk wani na gida ya koma akwati, akwatuna kuma a kai sito sai ranar hutu. Na ninke shi na mayar, aka kulle siton.

Baba ya zo ranar ziyara ta farko, a cikin watan sha ɗaya, sanyi ya fara sauka. Ya kawo mini garin kwaki daga wurin Madam, da ƙuli-ƙuli da sukari. Muka zauna a ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, ya tambaye ni karatu, ya tambaye ni abinci. Ya rame, tari kuma ya kama shi. Da ya tashi tafiya na raka shi har kusa da ƙofar makaranta, sai ya tsaya.

"Bargon fa? Yana da ɗumi?"

Na ce, "Yana da ɗumi, Baba."

"Ya rufe miki ƙafa?"

"Har da saura."

Ya gyaɗa kai. "To, madalla. Ta auna daidai ke nan."

Ya fita ya nufi bakin titi neman mota, ni kuma na tsaya har ya sha kwana.

Duk ranar da aka ba da hutu, da zarar an buɗe sito, nakan fito da bargon in cukuikuye shi in zauna a kansa a cikin mota, don kada Baba ya gan shi da karin ninki ya gane. Shekarar da ta biyo baya aka rage ma'aikata a masaƙa, har da shi. Ya saki ɗakinmu na Kakuri ya koma garinmu wurin Gwaggo da ƙannena. Tarin bai sake shi ba. Ina aji uku, ana tsakiyar zango, shugabar makaranta ta aiko a kira ni ofis, na tarar da wani ɗan'uwanmu zaune yana jirana. Kwana biyu ke nan da binne Baba. Ban taɓa gaya masa gaskiyar maganar bargon ba.